Gaisuwar Baba Daga Sama

Ranar wata Asabar bayan an gama karyar masara, shekarar da na shiga aji huɗu, aka turo jirgin saman da Babanmu ya ƙera daga gareji zuwa filin ƙwallon firamaren Dandamisa. Ina gaba riƙe da tsintsiya, don tun da sassafe Inna ta tura mu ni da ƙannena mu share filin, mu tsince duwatsu, mu kore tumakin mutane. Ran nan ba wanda ya je gona. Masu rake da masu dafaffiyar gyaɗa sun kafa kasuwa a bakin fili, yara kuwa har kan mangwaron hedimasta.

Baba makanikin babur ne, kuma tun ina goye ake ce masa mahaukacin jirgi. Injin babur ɗinsa na haya ya cire ya sa wa jirgin, ya sassaƙa farfela da icen maɗaci, ya lulluɓe fukafukan da tamfol. Kujerar robar da ke tsakar gidanmu ya yanke wa ƙafafu ya ɗaure a ciki. In muna tankaɗe ya tada injin, sai gari ya bi iska, Inna ta bi Baba da faɗa. A makaranta duk wadda ta ce mini 'yar mahaukaci sai mun dambata, kuma ban cika shan kaye ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa leƙa garejin ba: kakanmu Malam, mahaifin Baba, mai karantar da littattafai a zaure. Maganarsa guda ce: "Ka gwada sau ɗaya. In bai tashi ba, ka mayar da injin kan babur ka nemi abincin iyalinka." Baba ya ce to, don ba ya musu da Malam.

Ranar gwajin, da Baba ya zauna a kujerar aka murza farfela, jirgin ya zabura a guje, ya yi tsalle irin na ɗan akuya, sai ga haske tsakanin tayoyinsa da ƙasa. Ya tashi! Har ya kai tsayin rufin aji, mata suna guɗa, ni kuma na wurgar da tsintsiya ina ihu. Daidai nan Baba ya hango Malam tsaye da sandarsa a gindin tsamiya, ba wanda ya san ya zo. A gidanmu ɗa ba ya wuce mahaifinsa a kan abin hawa. Ko a babur Baba sauka yake ya durƙusa. To a sama ina wurin sauka? Sai ya saki sandar tuƙi, ya haɗa hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Jirgin ma ya sunkuya, ya karkata, ya afka gonar raken da ke bayan fili.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Raken ne ya tare shi, da ikon Allah. Muka sami Baba kwance da karyayyen hannu, fukafukin jirgin ɗaya ya naɗe. Da Malam ya iso, Baba ya yunƙura zai durƙusa.

"Allah gafarta Malam, gobe zan mayar da injin."

"Cewa na yi in bai tashi ba," in ji Malam. "Ya tashi, da idona na gani. Amma daga yau in kana sama ka hango ni, na yafe maka gaisuwa."

Tun daga ranar ban sake dambe a makaranta ba, sunan ya koma 'yar mai jirgi. Baba ya koma gareji da hannu a ɗaure, sai dai Malam ya rasu kafin a gama gyaran fukafukin, kuma Baba bai ƙara sha'awar tashi ba.

Yanzu an zagaye filin da katanga, jikokin Baba a waya suke kallon jirage, farfelar maɗacin kuma tana rataye a zauren da Malam ya karantar. Baba ya tsufa, amma har yau in hanya ta bi da shi ta maƙabarta, sai ya kashe babur, ya sauka, ya tura shi da ƙafa har ya wuce. A sama kaɗai aka yafe masa.