Shekarar da Kowa Ya Shuka Gyaɗa

A gidanmu na Fakuwa, in an kwashe tuwo, Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta tura ɗan kara, mu jikoki mu kewaye ta. Babanmu ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Wannan kunyar ta riƙe har ta koma ga Allah.

Wata bazara, ina 'yar shekara tara, Baba ya dawo daga kasuwar Kankia da shawara. Gyaɗa ta yi tsada, saboda haka bana ita kaɗai zai shuka, ko kunya ɗaya ta gero ba zai sa ba. Iya na jin sa. Bayan isha'i yana zaune a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso," in ji ta, "wagga tatsuniya da ƙahwarta ta zo."

Wai a wani gari, mutum ɗaya ya kai gyaɗa kasuwa a shekarar da babu mai ita, ya dawo gida bisa doki. Mutanen gari suka gani, kowa ya cika gonarsa da gyaɗa. Allah Ya ba da damina, gyaɗa ta yi kyau. Ran kasuwa mai saye ɗaya, masu sayarwa ɗari. Duk wanda ya yanka kuɗi, maƙwabcinsa ya rage. Gero kuwa ya yi fushi. Ya ce tunda an raina shi, sai an kawo tiya biyar ta gyaɗa kafin ya ba da ɗaya.

Na ce, "Iya, to mi ya sami mai dokin?"

"Shi dai ya hau dokinshi. Masu bin sawunshi su suka sha rana. Kuma ba a tuƙa tuwo da gyaɗa, ɗiyata. Mai kunne ya ji."

Baba ya yi gyaran murya, ya shige ɗaki. Ya shuka gyaɗarsa, kamar yadda rabin ƙauyen suka yi, kuma da kaka farashinta ya faɗi warwas. Abin da ya riƙe mu shi ne geron gayaunar Iya, ɗan filin da ta noma da hannunta a bayan gida. Da damina ta zagayo, muka koma kunu sau ɗaya a yini. In an miƙa mata nata, sai ta ce ta ƙoshi, ta turo mana ƙoƙon. Mu kuwa muka shanye, yaro man kaza. Zazzaɓi ya same ta ba ƙarfi a jiki. Ba ta ga sabon gero ba. Har yau in na tuna ƙoƙon nan sai zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu ni ce malamar tattalin arziki a wata sakandare a Kankia. Na daɗe ina zana layuka biyu a allo, na buƙata da na wadata, yara suna kwafa ba tare da sun ga gonar kowa a ciki ba. Rannan na ajiye alli, na ba su tatsuniyar Iya. Sai wata yarinya 'yar Kunduru, Bilki, ta ɗaga hannu.

"Malama, ai Babanmu ne wannan. Ya ce bana waken suya za shi sa a gonar duka."

"Akwai tsohuwa a gidanku?"

"Ta rasu bara."

Na dubi layukan nan na allo, na dube ta. Shekararta goma sha shida, kuma ruwan shuka bai sauka ba tukuna.

"To Bilki," na ce, "yau in an kwashe tuwo, ki tara ƙannenki. Ki bari sai Babanku ya zauna kusa, sannan ki ɗaga murya."