Faifan da aka naɗa a motar kayan miya

Shekarun baya, yanzu sun ɗan haura goma, ina jan mota mai firiji a Riyad. Aikina in ɗauko tumatir da kokwamba da latas daga kasuwar Aziziya in kai wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Na yi tuƙi a Legas, na yi a Duwala, na ɗan taɓa Libiya. Na ɗauki shanu, na ɗauki siminti. Amma mawaƙa a cikin firiji, a Riyad kaɗai na taɓa ɗauka.

A siton nan akwai wani abokina, mutumin Filato, Kirista, mai gyaran wutar lantarki. Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ni nake ce masa Fasto, ko da yake bai taɓa hawa mumbari ba, shi kuma yana ce mini Alhaji tun kafin in sauke farali. Shi da wasu 'yan Filifin biyu, ɗaya mai jita ɗaya mai ganga, suna da ƙungiyar kiɗa. Waƙoƙin yabo na addininsu suke yi, amma da irin kiɗan nan na rok, mai ƙarar da za ka rantse janareto ne ke faɗa da injin niƙa.

Burinsu ɗaya, su haɗa faifai mai waƙa takwas. Kiɗan duk sun gama shi a ɗakinsu, shiru, cikin kwamfuta, kowa da abin ji a kunne. Murya ce ta gagara. Irin waƙar nan sai da ihu, kuma a masaukin ma'aikata bango kamar takarda yake. Kun kuma san garin, irin wannan waƙa ba a ɗaga ta a fili. Ga shi kwantiragin abokina ya ƙare, kafili, ubangidan da ya kawo shi aiki, ya buga masa huruj nihai, wato tafiya ba dawowa. Saura Juma'a huɗu.

Wata rana ina wanke bayan mota ya leƙo yana mini magana. Sai ya ƙura wa bangon motar ido. Ya hau, ya ja ƙofa, can ya buɗe.

"Alhaji, ka ji ni?"

"Na ji me?"

"Ihu na yi fa! Da dukan ƙarfina!"

"Ban ji komai ba."

Wallahi tsalle ya yi ya rungume ni, ni da bokiti a hannu. "Mun samu situdiyo!"

Haka aka fara. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in kai motar bayan sito. Tsarin shi ne in kunna firiji har ciki ya yi sanyi, sannan in kashe shi in kashe mota, don makirfo yana ɗaukar kukan inji. Su shiga su uku, in rufe, in duba agogo. Minti bakwai, in buɗe su sha iska, a sake kunnawa. Wayoyinsu a gaba suke bari wajena, wai suna sa makirfo ƙara. Hannun ƙofa na ciki kuwa ya karye tun kafin a ba ni motar. Kenan ni ne mabuɗi, ni ne agogo, ni ne maigadi.

Kuma ku yarda da ni, na ji daɗin aikin nan. Har wani tsayuwa nake yi da tabarau, ina jin kaina kamar manajan mawaƙa. In na buɗe ƙofa su fito suna warin albasa, mai ganga ya ce, "Sadik, miya miya!" wato aboki, ɗari bisa ɗari a Larabcinsa, ni kuma in gyaɗa kai kamar na san abin da ake yi.

Juma'a uku, waƙa bakwai. Saura ta ƙarshe, ita ce ta Hausa, wadda abokina ya rubuta saboda mahaifiyarsa. Ita ta raine shi da waƙar coci, kuma shekara shida ba ta ji ya rera komai ba. Jirginsa ranar Lahadi. In ba a yi ta a wannan Juma'ar ba, shi ke nan, don kwamfutar da makirfon na 'yan Filifin ne, su kuma suna nan.

Ranar kuwa zafi ya yi zafi. Tsakiyar bazarar Riyad, irin wadda sitiyari ke ƙona hannu. Sau biyar suna shiga suna fitowa. Akwai wani wuri can ƙarshen waƙar da murya za ta hau sama, duk lokacin da ya isa wurin sai ta tsinke.

Na ce, "Fasto, ko in kawo maka zuma?"

Ya ce, "Alhaji, minti bakwai ɗin nan ne. Ina fara ɗumi sai ka buɗe. Ka ba mu goma."

Na rufe. Na duba agogo. Sai aka kira la'asar.

To, wanda ya zauna a Riyad na wancan lokacin ya san yadda jiki ke sabawa. Da an kira salla komai tsayawa yake, kanti ya ja ƙofa, mai mai ya ajiye tiyo, ƙafarka da kanta take juyawa. Masallacin yana nan bayan katanga. Na ce a raina, raka'a huɗu ce, yanzu zan dawo. Na manta sai an jira tada salla. Aka jira, aka yi, aka sallame. Ina neman takalmi sai na ji an dafa ni.

"Kai! Ba kai ne na Zariya ba?"

Wani ɗalibi ne da muka taɓa haɗuwa a jirgi. Ai kuwa aka shiga gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya zafi, ya labarin ƙasa, wa ya rasu, wa ya yi aure. Har ya fara ba ni labarin jarrabawarsa. Sai ya ce, "Yanzu me kake ɗauka a motar?"

Jama'a, takalmi ɗaya na sa. Ɗayan a hannu na riƙe shi. Ban taɓa sanin ina da gudu haka ba, da tumbina da komai. Tun daga nesa nake jin motar tana dum, dum, dum, kamar ana daka a cikinta.

Na fizge ƙofa. Wani tururi ya buge ni a fuska. Su uku sharkaf, riguna a ƙasa, mai jita zaune a kan kwandon da babu komai yana fifita da kwali. Kusan rabin awa suka yi. Na fara, "Don Allah, don Annabi…"

Abokina ya ɗaga mini hannu. Muryarsa ta dishe, amma ido na walƙiya. "Ruwa tukuna. Sannan zo ka ji. Alhaji, zo ka ji!"

Suka shanye gora biyu, suka ɗora mini abin ji a kunne. Ashe da minti goma suka wuce ba a buɗe ba, mai ganga ya fara dukan bangon mota da tafin hannu yana kirana. Abokina ya ji dukan ya zo daidai da kiɗan, ya yi wa mai jita alama kada ya tsayar da naɗi, ya ɗora waƙar a kai. Ga gumi, ga tsoro, ga mahaifiya a rai. Da ya iso wurin nan sai muryar ta hau, ta tsaya a sama, tana ɗan rawa amma ba ta faɗo ba. Ni da ba addinina ba, ba kiɗana ba, sai da tsigar jikina ta tashi.

Mai ganga dai bai yafe nan take ba. Ya nuna mini tafin hannunsa jajur. "Sadik, inta mushkila kabir," wato ni babbar matsala ce. Shawarma uku na saya kafin ya yi mini dariya.

Bayan wata huɗu faifan ya fito, a cocinsu can gida. Ina kan layin lodi a Aziziya bidiyo ya shigo wayata. Coci cike, jita na kuka, ga wata tsohuwa a layin gaba da ɗankwali shuɗi ta rufe fuska da hannu biyu. Da aka zo ƙarshen waƙar, duk jama'a suka ɗauki tafi daidai da dum, dum, dum ɗin nan. Na yi ihu a cikin mota har ɗan Bangaladash ɗin da ke lodi ya leƙo ya ga ko lafiya. Abokina ya kuma turo mini hoton bayan faifan. Can ƙasa an rubuta godiya ga Alhajin da ya manta da mu.

Har yau in na tuna gabana kan faɗi, don da gaisuwar nan ta ƙara tsawo da labarin ba na dariya ba ne. Tun ranar, in an ba ni amanar ƙofa, ko sarkin garinmu na gani sai dai in ɗaga masa hannu. Amma ina da faifan a mota, kuma ta takwas nake fara sawa.

Kwanaki abokina ya kira ni, wai matasan cocin sun dame shi, suna so su san wace irin ganga ce aka buga a wurin, sun nema a kasuwa ba su samu ba.

Na ce, "Fasto, gaya musu tan biyar take ɗauka, kuma sai da direba mai mantuwa."