Fartanyata Ce Ta Fasa Kanal, Ba Shanu Ba

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, manomin rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. A lokacin da abin nan ya faru ni ke raba ruwan kanal a layin gonakinmu, domin an san ni da haƙuri, ba na hayaniya da kowa. Ina da yaya wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi mini aure, kuma ban taɓa musa masa magana ba.

Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci. Alkamar yayana ta fara fitar da kai, ganyenta na naɗewa, ga shi ranar ruwansa sai bayan kwana huɗu. Ya same ni ya ce in dai ni ƙaninsa ne, ba zan tsaya ina kallo ta mutu ba. Ranar Juma'a da kowa ya tafi masallaci, na ɗauki fartanya na sare gefen ƙaramin kanal, da niyyar in toshe kafin a sauko. Ruwan ya fi ƙarfina. Ƙasa ta zabge, ya malale ya shafe irin tumatir na mutum uku, waɗanda ke ƙarshen layi kuma suka yi mako guda ba su ga ɗigo ba.

Da jama'a suka taru, yayana ya nuna sawun shanu a cikin laka. Na wani Bafulatani ne da ya daɗe zaune a bayan gari, kullum ta nan suke bi su sha ruwa. A gaban dagaci aka tambaye ni, tun da ni ne mai ruwa, na ce lallai shanun ne. Aka rubuta takarda na dangwala yatsa. A lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, sai daga baya na ji abin da ke ciki: an ba mutumin mako biyu ya tashi da iyalinsa. Ya zo har ƙofar gidana, bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi a ƙauyen nan aka binne mahaifinsa, ya tambaye ni ina zai nufa da tsohuwarsa da ba ta iya tafiya.

Kwana uku na yi ina juya maganarsa a raina. Na gaya wa yayana zan faɗi gaskiya. Ya ce in na buɗe baki in nemi wani yayan, wai zan zubar da mutuncin gidanmu saboda bare. Na ce masa to, Yaya, ka yi haƙuri, na fita. Na tsaya gaban dagaci da mutanen da na ɓata wa iri, na ce fartanyata ce, ban ambaci kowa ba. Aka yaga takardar, mutumin ya zauna a wurinsa. Ni kuma aka karɓe aikin rabon ruwa daga hannuna. Ni kaɗai na yi ta jidar ƙasa a kwando har na gyara wurin, masu wucewa a babur suna kirana saniya mai fartanya. Na raba wa mutanen nan uku irin tumatirina, ranin nan ban dasa komai ba.

Yayana ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ni kuwa ban fasa durƙusawa a zaurensa kowace safiya ba, don ban daina zama ƙaninsa ba. Har yau a dangi akwai masu cewa na kunyata gida. Su yi ta faɗa. Sarar da na yi da ƙaryar da na yi, a kansu nake nadama. Komawa gaban dagaci kuwa, ko gobe sai in sake, ba zan roƙi gafarar kowa a kanta ba. Na gane cewa haƙurin da ake yabona da shi, rabinsa tsoro ne. Ina jan kunnen duk wanda ɗan'uwa zai ce masa ya yi ƙarya don zumunci: kafin ka amsa, ka tambaya gidan wa za a tasa a kan ƙaryar nan.