Tauraron Takarda na Manang Epang

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da kanti a bakin hanyar da ke gangarawa teku, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa zubar da ledar garin sabulu ba, saboda Manang Epang. Da Satumba ta kama, rediyo ya fara waƙoƙin Kirsimeti, sai ta bayyana a tagar kantina da kwandon wanki a ƙugu, tana tambaya ko na tara mata wani abu. Ledar biskit, takardar azurfa ta cikin kwalin sigari, murfin kwalba, duk abin da ke da ɗan ƙyalli. Ni kuwa bakina ba ya zama shiru, nakan ce mata wata rana sai ta kwashe jujin unguwa ta kai ɗaki. Ita kuwa sai dai ta ninke kayanta ta zuba a kwando.

Sunanta na takarda Josefa, amma ko fadan cocinmu Epang yake ce mata; Manang kuwa kiran girmamawa ne ga babbar mace a wurinmu, namiji Manong. 'Yar masu saran rake ce daga cikin ƙasa, ba ta taɓa taka kwalekwale ba sai da Manong Ambo, masunci, ya auro ta ya kawo ta nan arewacin tsibirin Panay. Wankau take yi a gidajen malaman makaranta da na mai kemis. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka fara furfura a gidansu na gora da kwano, wanda ke fuskantar kantina.

Masu 'ya'ya a ƙasar waje sukan je birni su sayo fitilu masu walƙiya da bishiyar roba. Manang Epang ba ta taɓa sayen ado ba, ko na peso ɗaya, kuma ba ta taɓa jin kunyar haka ba. Busasshen reshen gwaba take samowa ta kankare, ta kafa shi a gwangwanin madara cike da yashi, ta buga sabulun wanki har ya yi kauri, ta shafe rassan su yi fari fat. Sai ta rataya musu ƙwaryar kodi da murfin kwalba. Amma abin da ake tsayawa kallo shi ne tauraron ƙofa, wanda muke kira parol. Kowane gida yana rataye nasa da yammar sha biyar ga Disamba, domin washegari da asuba ake fara ibadar kwana tara a coci. Gida ɗaya ne ba ya ratayewa, gidan da aka yi rasuwa a shekarar. Ƙofarsa haka take zama fayau har shekara ta zagayo.

Aikin tauraron nan raba shi suka yi tun suna amarya da ango. Shi yake saro gora da ta ƙosa, ya jiƙa ta a ruwan gishiri mako guda don kada ƙwari su ci, ya tsaga sanduna goma, ya ɗaure su da zaren fatsa. Ita kuma ta dama garin rogo ya zama gam, ta liƙa leda da takarda, ta yanka jela biyu masu lilo. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa gam ba, ita ma ba ta taɓa ɗauri ba. Daga kantina nake jin su.

"Ambo, hannun tauraron nan ya fi sauran tsawo."

"Idonki ne ya karkace, Epang, tun ranar da kika dube ni kika ce na yi miki."

A shekarar da nake ba ku labari, ranar biyar ga Nuwamba ya fita kamun kifi, su kwalekwale uku. Iska ta juya da rana tsaka, biyu suka dawo. Aka yi kwana huɗu ana nema, abin da aka samu kawai gorar gefen kwalekwalensa ce, mai koren fenti. Gawa ba a gani ba, mutum ba a gani ba.

Yayarsa, Manang Asun, ita ke jan addu'ar mamata a unguwarmu, tsohuwa ce mai carbi a wuya da harshe kamar reza. Ta zo da littafinta na addu'o'i za a fara addu'ar kwana tara, Manang Epang ta tare ƙofa ta ce ba a yi mutuwa a gidanta ba. Ai an sha jin masuntan da ruwa ya kai har tsibirin Palawan mai nisa, aka tsince su bayan wata biyu. Manang Asun ta haƙura da ta tara, amma ta ce ta arba'in ba za ta bari ba. Mu a wurinmu ran mamaci yakan yi kwana arba'in yana zagaya inda ya saba, idan ba a raka shi da addu'a ba sai ya rasa hanya. Da aka ƙirga, arba'in ɗin ta faɗo daidai sha biyar ga Disamba. Ke nan a yammar ranar, ko dai tauraro ya hau ƙofar Manang Epang, kowa ya san har yanzu tana jiran mijinta, ko kuma a shimfiɗa tabarmar addu'a, ta yarda ya tafi. Biyun ba sa haɗuwa a gida ɗaya.

Ni dai bayan Epang na bi, ba na ɓoyewa. Ranar da Manang Asun ta zo sayen kananzir na ce mata ta bar baiwar Allah ta sarara, wane irin sauri take yi ta binne mutumin da ba ta ga gawarsa ba.

"Ke Leling, kin iya baki," in ji ta. "Ni na goya shi. Kina tsammani daɗi nake ji? Ita tana jiran miji, ni ina jin ƙanena yana yawo a kan ruwa ba mai cewa Allah ya jiƙansa."

Ta ɗauki kwalbarta ta fita. Na ji kunya ƙwarai, amma taurin kai bai bar ni na nuna ba.

Manang Epang kuwa ba ta fasa komai ba. Ta ci gaba da zuwa karɓar leda, ta ci gaba da wankau, sai dai ta rame har zanen da take ɗaurawa ya zagaye ta sau biyu. Ta shafe reshen gwaba da sabulu, ta yanka jelar tauraro ta ajiye. Sandunan gora goma suna jingine a ƙarƙashin gida, domin Manong Ambo ya riga ya tsaga su kafin ya fita. Na ce mata maƙwabta da yawa sun iya ɗauri, ta bari a kira wani. Ta ce ai mai ɗaurin yana nan tafe, kuma ba ya son a taɓa masa kaya.

Ranar sha biyar ta zo. Tun da hantsi ake ta buga ƙusa a ƙofofi, mata na gasa wainar shinkafa ta gobe, ƙanshin citta ya cika unguwa. Manang Asun ta sa baƙaƙen kaya ta zauna a barandarta da littafi a cinya, ba ta aika wa kowa ba. Da azahar ta wuce na leƙa ta taga, sai na hango Manang Epang zaune a matakalar gidanta, sandunan nan a baje a gabanta, zaren fatsa a baki. Na rufe kanti na tsallaka.

Ba ta ɗago ba. Ta ɗaure wannan kusurwa, waccan ta suɓuce. Sau uku tana kwancewa, zaren ya tsaga mata yatsa biyu. Na miƙa hannu zan riƙe mata, ta girgiza kai. Sai da la'asar ta yi sannan abin ya tsaya da kansa, hannu ɗaya a karkace, tsakiyar kuma ba ta buɗe sosai ba. Ta jawo kwanon gam ta fara liƙi, nan ne hannunta ya dawo nata. Ja a tsakiya, azurfa a gefe, shuɗin ledar sabulu a hannuwa. Ban taɓa ganin ta yi mai kyansa ba, kuma raina ya yi fari, na ce a zuciyata yau Manang Asun za ta kwana da littafinta a rufe.

"Ya yi kyau, Manang," na ce. "Bari in ɗauko benci in rataya miki."

"Inday," ta ce, haka take kirana tun ina budurwa. "Kin san Ambo. Ko kasuwa ya je ya ga zai daɗe, sai ya aiko a faɗa mini kada in jira shi da abinci. Tun safe nake zaune a nan, na ce in dai yana numfashi a wani wuri, ba zai bari ranar yau ta wuce ba. Ya san ban iya ɗauri ba."

Ta goge hannu a zane, ta miƙe, ta ɗauki tauraron. Ba ta ko dubi ƙusar da ke saman ƙofarta ba. Ta sauka matakala, ta tsallaka hanya, mutanen da ke kan tsani suka tsaya da guduma a hannu suna kallonta. Ina biye da ita har bakin kantina.

"Ki rataye shi nan," ta ce. "Ledarki ce ai. Gidana ba a ratayewa bana."

Na hau kan akwatin lemo ina kuka kamar yarinya, ba na ma ganin ƙusar. Ita kuwa idonta a bushe, tana tsaye a ƙasa tana ce mini in matsa hagu kaɗan, in juya karkataccen hannun ya dubi bango. Da ya zauna yadda take so, ta ce in ba ta kyandir fari guda biyu, sannan in je in faɗa wa Manang Asun ta taho da littafin, ita za ta je ta shimfiɗa tabarma.