Kocali

Shekara ashirin da biyu Mai Tafireta ta yi tana saurarar mutanen da ba ta taɓa gani ba. Tafiretar ma tuni aka kai ta sito, sunan ne ya ƙi barinta. Ofishinta ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin bene, ba taga, sai fanka mai kuka. Farfesa, mai binciken abin da 'ya'yan mazauna ƙasashen waje suke riƙewa na harshen iyayensu, takan ɗauko muryoyin yara, ita kuma ta sa abin ji a kunne ta mayar da su rubutu.

Ba son aikin ne ya zaunar da ita ba. Ƙanenta ya ƙetare teku neman ilmi, ya aiko wasiƙa uku, daga nan shiru. Shi take nema a bayan kowace murya.

Ranar wata Laraba da azahar, kowa ya fita, ta kunna hira ta arba'in. A cikin hirar, Farfesa tana nuna wa wata yarinya hotuna.

"Wannan fa?"

"Kocali."

Yatsun Mai Tafireta suka tsaya. A gefen takarda Farfesa ta riga ta rubuta wai yarinyar ta juya kalmar cokali, alamar harshe ya fara lalacewa. Boko ke nan, ya ga gado ya ce kuskure! Ƙanen Mai Tafireta ne ya fara faɗin haka yana ɗan shekara uku, gidansu duka suka ɗauka, har mahaifiyarsu ta rasu ba ta sake cewa cokali ba. Duk duniya ba wani gidan da ke faɗin haka.

Murna ta kama ta, har da hawaye. Ta ƙara wa na'urar murya, ta ji Farfesa tana tambayar yarinyar.

"Wa ya koya miki?"

"Babana. Kullum yana koya mini."

"Yaya sunansa?"

"Marigayi."

Farfesa ta ce, "Sunansa nake tambaya, 'yata."

"Shi ne sunansa. Haka Mama take kiransa tun ina jaririya."

Mai Tafireta ta miƙa hannu. Ba ta kai ga kashe na'urar ba sai ta ji, can bayan yarinyar, wani namiji ya yi gyaran murya sau biyu, yadda ƙanenta yakan yi in ya daɗe a waje yana jin nauyin shigowa.