Ƙayar da ban ji shigarta ba

Salama gare ku 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Wasu sun ɗauka wayata aka sace a kasuwa. Wani ma ya kira matata Rabi yana ta kewaye-kewaye, yana so ya tambaya ko na rasu, ya kasa. Ina nan da raina. Jinya na yi.

Sana'ata dillancin awaki da tumaki, yau kasuwar Zango, gobe ta Mashi. Ƙafata ce jarina.

Shekara uku da suka wuce aka gano ina da ciwon suga. Ƙishirwa, yawan fitsari, rama, duk na yi. Aka ɗora ni a kan ƙwayoyi. Abin da ya fi damuna tafin ƙafata, kullum zafi kamar na taka rairayi da tsakar rana.

Bara wani saƙon murya ya yi ta yawo a waya, wai takalmin binta yana kashe ciwon suga. Kun san shi, mai faffaɗan ganye da ƙaya, wanda ake shinge da shi. Mahaifina ya kewaye gonarmu da shi tun ina yaro don hana awaki ɓarna. Mu dai jajayen 'ya'yansa muka sani, ba mu taɓa tunanin a sa ganyen a tukunya ba.

Rabi ta koyi sarrafa shi. Ta tsinko masu taushi, ta babbake ƙayar a wuta, ta kankare, ta yanka, ta dafa da albasa da ƙuli-ƙuli. Yana da yauƙi kamar kuɓewa, kuma yana riƙe ciki. Na rage tuwo, na rage shayi mai suga. Da na je gwaji, suga ya sauka. Wannan gaskiya ce, ba zan ci amanar ganyen ba.

Daga nan kaina ya fara girma. Na ajiye ƙwayoyin.

Rabi ta ce, "Baban Sadiya, likita fa bai ce ka daina ba."

Na ce mata, "Likita ne ya shuka shi ko babana?"

Bayan 'yan watanni zafin ƙafar ya ɗauke ɗif. A nan shafin na rubuta cewa na warke. Da yawanku kun yi mini barka, wasu kun tura wa 'yan uwanku.

Ganin haka na ƙuduri ƙara shuka shi a bayan gida. Ba shi da wuya. Ka yanko ganye, ka bar shi a inuwa wurin yankan ya bushe, ka binne rabinsa a rairayi, ba ya neman ban ruwa. Da silifas na yi aikin.

Bayan kwana biyar Rabi na naɗe dardumar sallata ta ga jini. Ta ce in ɗaga ƙafa. Ƙaya ce ta shige ƙarƙashin ƙaramin yatsana na hagu, wurin ya kumbura ya yi baƙi, har ya fara wari. Ni kuwa ina ta cin kasuwa a kai, ban ji komai ba.

Daga asibiti a Daura aka tura mu Katsina. Likitan ya ɗauko wani siririn tsinke ya ce, "Malam, rufe idonka, duk inda ka ji na taɓa ka faɗa."

Na rufe ido ina jira ya fara. Ashe har ya gama.

Ya ce zafin nan da ya ɗauke ba warkewa ba ce, jijiyar da ke kawo labarin zafin ce suga ya fara kashewa. Ya ce in ciwon ya ci gaba da hawa, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa.

Na ji tsoro, wallahi. Ina kallon ƙafar ina tunanin wane dillali ne zai bi akuya da sanda biyu.

Sati biyar na yi a kwance. Kullum da safe a huda yatsa a auna suga, a yi allura, a wanke ciwon. Ragunan da nake kiwo don Layya guda biyu suka tafi a magani. Aka cire ƙaramin yatsan, Allah Ya bar mini ƙafar.

Ranar sallama na ce wa likitan zan je in tumɓuke shingen kaf. Ya yi murmushi ya ce, "Shi bai yi maka laifi ba. Abinci ne mai amfani, ka ci. Amma bai ce ka jefar da magani ba."

Don haka ina roƙonku, duk wanda ya tura rubutuna na bara, ya bi wanda ya tura wa ya ce masa na yi kuskure. Ku ci takalmin binta, amma ku gaya wa likitanku, kada ku ajiye magani. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya sa rufaffen takalmi a gona. In zafin ƙafa ya ɗauke haka kawai, asibiti za a nufa, ba walima ba.

Likita ya ce jin ƙafar ba lallai ya dawo duka ba. Jiya da la'asar na cire takalmi a gona zan yi alwala, cinnaka ya cije ni a dunduniyar hagu. Na yi tsalle, buta ta kife.

Rabi na tsinkar ganye ta juyo ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Na ji."

Ta ajiye ƙwaryar ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Na gode wa Allah, na gode mata, na gode wa masu wanke ciwona da ku da kuka yi ta cigiyata. Cinnakan ma ban kashe shi ba.