Ƙullin da na binne a bayan randa

Cikina na fari yana wata huɗu aka ce ina da ciwon sukari. A lokacin ina zaune a gidan iyayen mijina a Gaya, a unguwar da ke gangarawa bakin kogi, ina karatun jarrabawar shiga makarantar malamai. Mijina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kwatano, in ya tafi sai ya yi makonni. Da rana gidan daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, don ƙannensa tun da safe suke fita.

Ban taɓa ce wa Inna ina da ciki ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba. Haka ake yi da cikin fari. Ta gani, na san ta gani. Sai kawai ta hana ni ɗaukar bokiti, ta riƙa dama mini kunu mai sukari da yawa, in ƴan uwanta na Tanda sun aiko da rake ta ware mini mai kauri. Ni kuwa sai rama nake yi. Ina shan ruwa kamar ana zubawa a yashi, ina zaryar makewayi har ina jin nauyin a gan ni. Na ɗauka duk laulayi ne.

A wurin awo ungozoma ta huda mini yatsa, ta dubi ɗan injinta, ta ce in tafi Dosso a ranar. Na ce wa Inna zan kai takardun jarrabawa, zan sauka wurin yayata. Takardun na kai su da gaske, amma kwanakin a gadon likita, wato asibiti, na yi su, da ƙarin ruwa a hannu. Likitan ya yi mini bayani a hankali, ya ce ba irin sukarin da ke zuwa da ciki ya tafi da haihuwa ba ne. Jikina ne ya daina yin insilin, zan riƙa yi wa kaina allura safe da yamma har ƙarshen rayuwata. Ya ce in na yi wasa da ita, abin da ke cikina ne zai fara jin jiki.

Da na gaya wa mijina a waya ya ce bari ya kira Inna. Na roƙe shi ya bari sai ya dawo. A saninmu ciwon sukari na manyan alhazai ne masu tumbi, ba na amaryar da ba ta cika shekara a ɗaki ba. Ina jin tsoron a ce an kawo musu mai ciwo. Kuma ban ga yadda zan yi maganar ciwon ba tare da maganar cikin ta biyo baya ba, a gaban matar da ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Kwalaben maganin ba sa son zafi, Gaya kuwa ana tsakiyar bazara. Ba mu da firigo. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara tana da shi, amma sai na yi mata bayani, ga kuma wutar kuran da ke ɗaukewa yini guda. Wata ma'aikaciyar likita ta ce mutanen ƙauye a jiƙaƙƙen yashi suke ajiyewa, cikin tukunyar ƙasa. Na yi tunanin in na sayo sabuwar tukunya na shigar ɗaki za a tambaye ni. Randar gidan kuwa tana ƙarƙashin rumfa, a kan yashin kogi da ba ya bushewa. Na naɗe kwalaben da auduga, na sa a ɗan gwangwani, na sa a baƙar leda, na ɗaure da zare tam don kada ruwa ya shiga. Na tona bayan randar na binne. Har daɗi na ji da na ga yadda wurin ya koma kamar ba a taɓa ba.

Safe da yamma sai in ɗauki moɗa kamar zan sha ruwa, in tsuguna, in tono, in shige ɗaki, in dawo in mayar. Kunun Inna kuma na riƙa kurɓa kaɗan ina mayar da saura, raken yana bushewa a bakin taga. Bayan ƴan kwanaki na lura ta sayo ɗan tulu ta shigar ɗakinta, ta daina shan ruwan randa. Gaisuwata ma sai ta amsa tana kallon wani wuri. Na ɗauka fushin kunu ne. Duk karatuna, bai taɓa zo mini a rai ba yadda baƙin ƙulli ɗaure da zare, a binne gindin ruwan shan gida, zai zama a idon wanda ya gani.

Wata safiya na tona ban samu komai ba. An kwashe tsohon yashin an zuba sabo. Na tona ko'ina har farcena ya cika da ƙasa, sannan na koma ɗaki na buɗe littafi, ina kallon layi ɗaya. Na san wadda ta ɗauka, kuma ɗakinta yana nan ina ganin labulensa, amma na kasa tashi. Na ce bari a yi azahar. Aka yi azahar ban tashi ba. Ƙishirwar nan ta dawo, bakina ya bushe, zuciyata ta fara tashi. Maganar likitan ce ta fitar da ni, ba ƙarfin hali ba.

Na same ta a inuwar ɗakinta tare da ƙanwarta, wadda muke kira Gwaggo, suna gyaran busasshen kifi. Na durƙusa daga nesa.

“Inna, akwai wani ƙulli da na ajiye a bayan randa.”

Gwaggo ta karkaɗe hannu. “To, ga mai kaya ta zo da ƙafarta. Mu muna cewa ƴar lakwal, ƴar boko, ashe har wannan ake koya muku a can.”

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ƴar nan, me na yi miki? Yaron nan ai mijinki ne, naki ne, ban taɓa shiga tsakaninku ba. Sai kin sa mana a ruwa?”

Muryarta ba ta faɗa ba ce, ta mai jin ciwo ce. Sai a lokacin na gane abin da ta kwana tana tunani tun ranar da ta fara ganina tsugune a wurin. Ta ga na ƙi abincinta, ta ga ina binne abu, ta haɗa. Da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Ba su kwance ƙullin ba, don an ce ba a buɗe irinsa da hannu. Da sanda suka ɗaga shi suka ɗora a kan kwanon rufin madafa, suna jiran malamin da Gwaggo ta aika wa ya faɗa ko ƙonawa za a yi ko jefawa a kogi. Tun safe yana cikin rana. Na zaro shi da sandar, gwangwanin ya yi zafi har na kasa riƙewa. Na tsinke zaren a gabansu, na jera kwalaben a kan tabarma, na ce magani ne, na allura, ciwon sukari gare ni.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta ɗaga sama. Ta ce ita ta san allurar da ƴan lakwal ke ɓoyewa, ta hana haihuwa ce, kada in raina musu hankali. Na jira Inna ta ce wani abu, don ta san ba haka ba ne. Ta ci gaba da gyaran kifi. Ina jin ita ma bakinta ne ya yi nauyi a kan maganar cikin.

Na ce, “Ina da ciki, Inna. Likita ya ce in na bar allurar, shi zai cutu.”

Inna ta kau da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Gwaggo ta ajiye kwalbar a hankali. Da Inna ta yi magana, tambaya ɗaya ta yi, ko na yi ta yau. Na girgiza kai. Ta shiga ɗaki ta sako takalmi, ta tsayar da baburan kabu-kabu biyu a ƙofar gida. A likitar Gaya suka auna ni, suka yi mini allura, suka riƙe ni har la'asar sakaliya, suka ce kwalaben da suka sha rana kada in ƙara amfani da su. Ma'aikaciyar ta yi faɗa sosai, ta tambayi wanda ya sa magani a kan kwano. Inna ta ce ita ce. Ban iya cewa ni na ja ba, ina kwance ina kallon bango.

Da muka dawo ta kira ni ɗakinta, karo na farko da na zauna a ciki. Ta ce ta ɗauki alhakina, in yafe mata. Wannan ya fi mini zagi nauyi. Sannan ta ce akwai saura. Gwaggo ba ta iya riƙe magana, matan layinmu duk sun ji an tono abu a gidanmu, har labari ya kai wurin ƙanwar mahaifina a kasuwa. Ba yadda za ta wanke ni sai ta faɗi gaskiyar abin da ke cikin ledar. In kuma ban so ba, za ta yi shiru, ta bar su da abin da suka ji.

Ko ta ina na duba, sai an yi maganata a gidajen da nake wucewa kaina a ƙasa.

“Ku faɗa musu, Inna.”

“Har da ɗaya zancen?”

“Har da shi.”

Washegari da hantsi ta ɗaure kwalba ɗaya a bakin zani ta fita, ta fara da gidan mai ƙanƙara. Ina ɗaki ina jin sallamarta ta bayan katanga.